Makaniken da Tifa ke Durƙusa wa

A gidan su Kututture kowa dogo ne. Ubansa sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Uwarsa ba ta taɓa neman kujera don ta sauko da kaya daga saman kabad ba. Yayyensa mata kuwa, in suka jeru a tsakar gida, sai ka ce shinge aka kafa. Shi ne auta, kuma da aka zo kansa tsawon gidan ya ƙare, sai aka kankaro masa ɗan abin da ya saura a gindin tukunya. Ya taso ya kai daidai aljihun rigar mutane, ya ja birki a nan, bai ƙara ko yatsa ba. Abin da ya rasa ta sama sai ya same shi ta gefe: ƙirji kamar ƙyaure, wuya kamar na bijimi, damatsa kamar an cusa duwatsu. Wani direba ne ya fara ce masa Kututture, sunan ya kama shi kamar giris, har matarsa in an tambaye ta sunansa na gaskiya sai ta ɗan yi tunani.

Da fari gajartar ta yi masa rana. Lokacin da yake koyon gyaran manyan motoci, duk lungun da hannu ba ya kaiwa shi ake turawa. Ana ɗaga bonet sai ya haye, ya shige gaba ɗayansa, ya zauna gefen inji kamar mai jin ɗumi, ba abin da ake gani sai hannu yana leƙowa yana neman sifana. A can ciki ya koyi sana'ar, kunnensa manne da ƙarfe, har ya zama in tifa ta shigo gareji tana tari, kafin direba ya kashe ta ya san inda ke mata ciwo. Sai dai shekaru sun zo da tumbi, tumbi kuma ya ce shi ba ya shiga lungu. Dole ya koma aiki irin na kowa: ƙafa ɗaya a kan bamba, ɗaya a kan taya, ciki a kwance kan lagireto.

A haka ya faɗo. Yana ciccibo wani ƙarfe mai nauyi daga cikin inji, takalminsa ya taka baƙin mai, ƙafa ta tafi ba sallama. Gwiwar hagu ta fara gaisawa da bamba, sannan ta gaisa da ƙasa. An yi asibiti, an yi jinya, gwiwa ta haɗu, amma ta dawo da sharaɗi: tafiya za ta yi, tsayuwa za ta yi, hawa ne ba da ita ba. Likita ma ya goya mata baya, ya ce in aka sake faɗuwa a kanta, to sai sanda.

Ya gwada benci. Ya gwada akwatin kwalabe. Wani kafinta har dakali ya yi masa na katako, mai faɗi kamar gado. Duk ba su yi ba, kuma ba laifin katako ba ne. Tun ranar faɗuwar nan, da zarar tafin ƙafarsa ya rabu da ƙasa sai hannunsa ya kama rawa, noti ya gagari ɗauri, sifana ta dinga buga ƙarfe kamar ana kiran yara makaranta. Wannan bai taɓa gaya wa kowa ba. Cewa yake bencin ne ke girgiɗi.

Maƙwabcinsa a bakin titin mai facin taya ne, kuma ƙanin matarsa ne. Shi kuma tsawo aka ba shi har ya yi masa yawa, ga rama, shi ya sa ake ce masa Falwaya. In su biyun suka tsaya magana, ɗaya kamar mai duban hadari, ɗaya kamar wanda ya yar da allura.

Wata rana wata tifa ta lallaɓo wurin Falwaya da tayar gaba a sace. Kafin a ɗaga ta, direban ya roƙi Kututture ya leƙa masa bel ɗin fanka. Kututture ya zo da niyyar cewa a nemi wani, ya dafa gefen motar, ya miƙa hannu don fitar da hakki. Hannu ya kai. Ƙafafunsa biyu a ƙasa, hannu ya kai har inda yake so, kuma bai yi rawa ba. Ya tsaya yana kallon tayar nan kamar yau ya fara ganin taya a duniya.

Daga ranar ya samu hanyarsa. Tifa na shigowa sai ya sa waigi a tayoyin baya don kada ta gangara. Ya jawo wasu gumaguman itace biyu da yake ce wa filo, ya tura su ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba, ɗaya dama, ɗaya hagu. Sannan ya zaro ƙusa daga bayan kunne, ya danna bawul ɗin taya. Tsssss. Hancin mota ya dinga sauka a hankali har ƙarfen ya kwanta a kan filo. Nan yake tsayawa. Nauyi na kan itace, taya ta yi tumbi irin nasa amma da sauran iska a cikinta, bakin rim bai cije ta ba.

"Ruku'u nake sa ta, ba sujada ba," haka yake gaya wa duk wanda ya tambaya.

Taƙi guda yake nema, taƙi guda yake samu. In ya gama sai ya ƙwala kira, Falwaya ya jawo dogon tiyonsa ta kan katanga ya mayar wa mota da iskarta.

"Yaya, kai kaɗai ne makaniken da mota ke durƙusa wa kafin ya kula ta," in ji Falwaya. "Ko surukai ba a yi musu wannan ladabin."

"Tarbiyya nake ba ta. Kai da ba ka iya gaida mijin yayarka ba, zo ka koya a wurinta."

"Ina gaishe ka mana. Muryata ce ba ta isowa ƙasa."

Direbobi sun rabu biyu a kan wannan aiki. Wasu suka ce wayoyin da ke cikin taya karyewa suke yi in an lanƙwasa ta. Wasu suka ce taya roba ce, don lanƙwasa aka yi ta, ai kowane rami a hanya lanƙwasa ta yake. Kututture ba ya shiga gardamar. Iyaka ya ce, "Tun kafin wasunku su fara gemu nake yi. Wace taya ce ta taɓa dawowa ta kawo ƙarata?" Gaskiyarsa ce, babu. Dokarsa dai ɗaya ce, mota ba ta motsa ko taku tana cikin ruku'u.

Yawancin aikin garejin na mace ɗaya ne, Hajiya Mai Yashi, mai tifofin da ke kai yashi da tsakuwa wuraren gini. Mace ce mai magana ɗaya, in ta zo ba ta zama, ba ta kuma karɓar ruwa. Ɗaya daga cikin direbobinta shi ne mijin babbar 'yar Kututture, mutum mai sanyin hali da kunya, wanda in ya kawo mota gyara sai ya ajiye makulli a kan durom ya zagaya bayan gareji, don kada ya ga surukinsa kwance a ƙarƙashin mota.

Motar wannan direban ce ta zo da babban ciwo a farkon damina. Inji na shan mai kamar shayi, hayaƙi kuwa ko mai bin ta a baya sai ya kunna fitila. Kututture ya durƙusar da ita, ya buɗe, ya ga sai an canja ringin cikin inji, har da wani ƙarfe da babu irinsa a garin. Aka aika a nemo. Aka kawo wanda bai yi ba. Aka mayar, aka sake aikawa. Shi kuwa ya ce tunda nauyi na kan filo, ba sai an wahalar da Falwaya da busawa da sacewa ba. Ya lulluɓe hancin motar da tampol har ƙasa saboda ruwa, ya danne da duwatsu, ya shiga wasu ayyukan. Mota ta zauna har ciyawa ta tsiro a gindinta, kajin maƙwabta suka kama haya a ƙarƙashinta. A tsakanin nan aka yi wani ruwa da ya cika kwatar bakin titi, ta tumbatsa ta ratsa gareji, ta bar yashi da ledoji ko'ina.

Da ƙarfen ya iso, Kututture ya naɗe tampol iya bonet, ya bar sauran a rataye kan tayoyi, ya kama aiki ta gefen hagu. Aikin ya zo masa da wani sauƙi da bai taɓa ji ba. Inda a da sai ya yi ɗage, yau har gwiwar hannu tana kaiwa.

"Falwaya! Zo ka gani, na fara tsawo!"

"A wannan shekarun? Sai dai in ƙasa ce ta kumbura, Yaya."

Ya haɗa inji, ya ɗaure, ya kira tiyo. Falwaya ya yaye tampol, ya tsuguna, ya ɗan jima a wurin tayar hagu.

"Yaya, wannan ko numfashi babu a cikinta. Bawul ɗin ya saki."

"Nauyi na kan filo. Busa mu gani."

Falwaya ya canja bawul, ya busa. Taya ta miƙe ta cika, ta yi fam kamar ba ita ba.

"Ta ɗauki iska?"

"Ta ɗauka."

"Tana yoyo?"

Falwaya ya shafa yawu a bakin bawul, ya zagaya ya duba. "Ba ta yi."

"To me ya rage?"

Ba abin da ya rage. Sai da Kututture ya je janye filo ya tarar da na dama kaɗai. Wurin na hagu ba komai sai yashin da ruwa ya tara.

"Kai, ina filona?"

"Ni na ga filonka? Idona ba ya gani nan ƙasa."

"Kai ka janye shi yanzu da kana busawa. Tun bara kake cewa ya yi kujera."

"In zauna a kan wannan, ai gwiwata sai ta rufe mini kunne."

Aka bar ta a haka, Kututture yana cewa zai kai ƙara wurin yayar Falwaya, Falwaya yana cewa ya kai. Direba ya zo ya ɗauki makulli a kan durom, ya yi godiya daga nesa, ya ja mota.

Ta ɗan kwana biyu tana aiki, inji lafiya lau, ba hayaƙi ba tari. Sai wata rana da tsakar rana, da lodin tsakuwa, a kan gangara, tayar gaba ta hagu ta fashe. Sitiyari ya ƙwace, mota ta bar hanya ta kwanta a gefenta. Allah ya taƙaita, direba ya fito da ransa, amma da karayar hannu da goshi a fashe.

Da la'asar matar Kututture ta dawo daga asibiti. Ta ajiye kwanuka, ba ta cire mayafi ba, ta tsaya a kansa yana cin abinci.

"Baban yara, tambaya ɗaya zan yi maka. Tayar da ta fashe, tana cikin waɗanda kake sace wa iska?"

"Hanyar nan ba ta da kyau. Ga lodi, kin san yadda ake cika motocin nan..."

"Ban tambaye ka hanya ba."

"Wace tayar gaba ce a garin nan ban taɓa sace wa iska ba? Me ya sa sauran ba su fashe ba?"

"Ni ina na sani, ni makanike ce? 'Yarka ce ta tambaye ni, na ce mata zan tambayo."

Ya ture kwanon, ya ce gishiri ya yi yawa.

Washegari da hantsi Hajiya Mai Yashi ta iso gareji a cikin a-kori-kura, da gawar tayar a baya. Aka mirgino ta, ta faɗi a gaban rumfar Falwaya. Direbobin da ke zaune a inuwa kowa ya miƙa kunne yana yi kamar waya yake dannawa.

"Malam Kututture, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji ta. "Inji ka iya shi, ba ni da ta cewa. Amma daga yau, tsakanin ƙusarka da bawul ɗin motata sai kallo. Ka hau benci, ka hau tsani, ka hau wuyan Falwaya in ka ga dama. In ba za ka iya ba, ka gaya mini in san inda zan kai su."

"Hajiya, duk tsawon shekarun nan..."

"Duk tsawon shekarun nan ban taɓa zuwa asibiti duba direba ba."

Ta shiga mota ta tafi. Kututture ya san lissafin ba sai an yi masa ba. In tifofin Hajiya suka tafi, sauran direbobin nan masu danna waya za su bi bayansu. In kuma ya hau katako, hannu ba zai yarda ba. Shi bai iya ƙananan motoci ba, cewa yake injinsu kamar agogo ne, yatsunsa ba sa shiga.

Da mutane suka watse sallah, ya jawo tsohon dakalin kafinta daga bayan gareji, ya karkaɗe kashin kaji, ya ajiye gefen wata tifa da ke jiran gyara. Ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu kamar mai jan buhu. Ya tsaya. Ya sa sifana a kan noti. Ƙar-ƙar-ƙar-ƙar. Ya riƙe hannun da ɗaya hannun, sai duka biyun suka kama. Da ya waiga, ga Falwaya tsaye ta kan katanga yana kallo. Dakalin ko motsi ba ya yi, kowa na iya gani. Kututture ya jira baƙar magana. Maimakon haka sai Falwaya ya zagayo, ya miƙa masa kafaɗa ya sauko.

"Yaya, zo ka duba wani abu."

Ya riga ya cire tayar daga rim, ya buɗe cikinta da ƙarfe. Ba a tafinta ta fashe ba, inda ƙusa ko dutse ke shiga. A gefe ta yage, doguwar yaga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ta ciki kuwa ga wani layi ya kwanta, kamar inda aka ninke tabarma aka ɗora mata kaya, wayoyi sun tsintsinke a jere a kan layin.

"Ai dole waya ta tsinke in taya ta fashe," in ji Kututture.

"Taɓa waɗannan na bakin nan. Ka ga suna ƙyalli? Su ne suka tsinke a kan gangara. Waɗannan na tsakiya fa?"

Kututture ya goga yatsa. Yatsa ya fito ja.

"Tsatsa," in ji Falwaya. "Sun daɗe da karyewa, ruwa ya shiga ya kwana. Rim ne ya zauna a kanta, Yaya, kuma ba zaman yini ɗaya ba. Ni ma da na ga ba iska a cikinta, kamata ya yi in cire ta in leƙa ciki. Na ga ta yi kyau ta waje, na ƙyale."

"Ba zai yiwu ba. Nauyi na kan filo."

"Wane filon? Wanda na mayar kujera?"

Kututture ya juya ya ɗauko shebur, ya nufi inda motar ta yi zamanta, inda har yanzu ciyawa ta zana siffarta a ƙasa. Ya auna da ido inda tayar hagu ta tsaya, ya fara haƙa. Bai yi nisa ba shebur ya ce ƙwas. Ga filo nan kwance a gefensa, yashi ya binne shi. Ruwan kwata ya cinye ƙasar da ke gindinsa, ya tuntsure, nauyi ya koma kan taya, bawul ya saki sauran iskar. Mota ta yi ta sujada a ƙarƙashin tampol ba mai gani. Tsawon da ya yi murnar ya ƙara ke nan.

Falwaya ya karɓi shebur ɗin ya faɗaɗa ramin, ya shiga da ƙafa biyu don ya ciccibo gungumen. Ya fitar da shi, ya miƙe yana karkaɗe hannu, zai fito.

"Tsaya," in ji Kututture. "Kada ka fito."

"Binne ni za ka yi don na faɗi gaskiya?"

"Na ce ka tsaya." Ya matso, ya leƙa. "Tunda na auri yayarka ban taɓa ganin abin da ke cikin aljihun rigarka ba sai yau. Ashe biro kake sawa? Kai da ko sunanka sai an riƙe maka hannu?"

"Na ado ne. Yaya, lafiya kake kuwa?"

"Ka sauko taƙi guda, Falwaya. Taƙi guda cif. Kuma ba wanda ya danna maka bawul."

Falwaya ya kalli ƙafafunsa a cikin rami, ya kalli tifar da ke jira, ya sake kallon ƙafafunsa.

"To ai sai ka ba ni hannu in fito, tunda ka gama aune-aunen."

Kafin Kututture ya kama sabon haƙa, sai da ya wanke hannu da kananzir, ya canja riga, ya tafi asibiti. Direba na ganinsa ya yi yunƙurin tashi da hannu a naɗe, matarsa, 'yar Kututture, ta danne shi ta zaunar. Kututture bai iya kwana-kwana ba, daga gaisuwa ya shiga magana.

"Tayar nan, daga wurina ne."

Direba ya mayar da ido kan bango. "Haba Baba. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce, amma filona ne ya zame, ni kuma na rufe da tampol ban leƙa ba. Ba lodi ba ne, ba tuƙinka ba ne. Na biya ta wurin Hajiya na gaya mata haka, don kada wani ya ɗora maka."

'Yar ta jawo kujera ta ajiye masa, ta zuba ruwa a kofi ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sha, ya tambayi yaran, ya tashi.

Shi da Falwaya suka yi haƙan, ɗaya na haƙa ɗaya na ba da umarni, kuma kowa ya san wanda ke ba da umarnin. Ramuka biyu dogaye, kowanne faɗin taya, zurfin taƙi, da gangara mai sauƙi ta baya. Suka shimfiɗa fasassun bulo da tsakuwa, suka daddaɓe, suka yi wa kowanne 'yar hanya da za ta kai ruwa kwata, don Kututture ya ce shi da kwatar nan sun gama gaisawa. Direbobi suka taru suna kallo. Wani ya tambaya ko kifi za a kiwata.

Da aka gama ya aika wa Hajiya. Ta zo da kanta, a gaban wata tifa da ke fitar da ruwa ta lagireto. Kututture ya tsaya a gaba yana yi wa direban alama da hannu. Zo. Zo. Dama kaɗan. Zo. Tayoyin gaba suka gangara, hancin mota ya sauka a hankali, ya tsaya. Ya sa waigi, ya ɗaga bonet, ya miƙa hannu har cikin inji, ƙafafu biyu a ƙasa. Hajiya ta zagaya ta daki tayar dama da takalmi, ta zagaya ta daki ta hagu. Duk a cike suke tam.

Ta miƙo tafin hannu. Kututture ya kalli hannun, bai gane ba.

"Ƙusar."

Ya shafa bayan kunne, ya zaro, ya ɗan juya ta a yatsu, ya ba ta. Ta jefa a jaka.

"Saura tambaya ɗaya. In gyaran ya gagare ka, inji bai tashi ba, wa zai fitar mini da ita daga ramin nan?"

"Hajiya, wadda ta shiga nan ba ta fita sai da ƙafarta."

"Za mu gani," in ji ta. Ranar dai ta karɓi ruwa, amma a tsaye ta sha.

Gardamar direbobi ba ta mutu ba, don gardamar direbobi ba ta mutuwa. Har yau in sun zauna a inuwa akwai mai cewa sace iska na kashe taya, akwai mai cewa ƙarya ne. In suka matsa wa Kututture ya raba, yakan ce ba tare da ya ɗago daga inji ba, "Ruku'un yini guda, da itace a ƙasa, bai taɓa kashe mini taya ba. Sujadar damina ce ta kashe. Abin da ya sa na bari, in ka juya baya ba ka sanin wacce take yi."

Wanda ya yi asara shi ne Falwaya, don yanzu ba mai kiran tiyonsa, ba shi da dalilin leƙowa. Amma yana leƙowa. Kullum da hantsi kansa zai ɓullo ta kan katanga.

"Yaya, an ce yanzu sai mota ta shiga kabari kake kula ta?"

"Akwai saura wuri. In kana son mu yi magana ido da ido, shiga."

Filo guda yana nan a gindin rumfar Falwaya, ya mayar da shi kujera. In ya zauna a kai, gwiwoyinsa har kunne.